Ƙaramin Girki a Babbar Tukunya: Darasin Kimiyya Daga Masana'antar Sarrafa Tsiro

Gabatarwa

Duk macen da ta saba girkin biki ta san cewa tukunyar da ke cin kwano goma na shinkafa ba ta dace da gwangwani biyu ba. Idan aka gwada, ruwa zai ƙafe tun shinkafa ba ta nuna ba, gindi ya kama, itace kuma ya tafi a banza. Irin wannan matsala ce take damun injiniyoyi a manyan masana'antu, sai dai a can asarar takan kai ta miliyoyin kuɗi.

Wannan darasi zai yi nazarin abin da ke faruwa yayin da aka sarrafa ɗan ƙaramin adadi a cikin kayan aikin da aka ƙera domin babban adadi. An ɗauki masana'antar giya a matsayin misali. Giya dai haramun ce ga Musulmi, kuma darasin bai shafi shan ta ba. Irin waɗannan tukwane ne ake amfani da su wajen yin lemon maltina da ire-irensa marasa sa maye, kuma dokokin kimiyyar da za a gani a nan su ne ke aiki a masana'antun yogot, da yis na burodi, da magunguna. Ɗalibin da ya fahimce su ya sami mabuɗin fizis da kemistiri da bayoloji a wuri guda.

Me Ke Sa A Yi Ƙaramin Girki?

Dalili na farko shi ne gwaji. Kamfanin da ke son fito da sabon abin sha ba zai so ya cika tanki mai lita dubu goma da abin da bai tabbatar jama'a za su karɓa ba. Dalili na biyu shi ne kasuwa, domin akwai hajar da masu sayenta ba su da yawa. Na uku kuwa shi ne haya. A Amurka da Turai akwai ƙananan kamfanoni da suka fara aiki ba tare da mallakar masana'anta ba, sai su ɗauki tsarin haɗinsu su kai wa mai babbar masana'anta ya sarrafa musu. Haka kamfanin Boston Beer ya soma a Amurka bayan kafa shi a 1984, yana hayar kayan wata masana'anta a birnin Fitsbag. Haka ma kamfanin Mikkeller na ƙasar Danmak, wanda aka kafa a 2006. Ga irin waɗannan kamfanoni, sanin mafi ƙarancin abin da tukunyar haya za ta iya ɗauka shi ne bambancin riba da karyewar jari.

Matakan Aikin a Taƙaice

Ana fara wa da tsiro, wato hatsin da aka jiƙa har ya soma tsirowa sannan aka busar. A Turai sha'ir ake amfani da shi. Tsirowar nan tana farkar da wasu sinadarai da ake kira inzayim, waɗanda aikinsu shi ne farfasa sitaci ya koma sukari.

Ana ɓarza tsiron a dama shi da ruwan zafi a cikin tukunyar damu, a bar shi kimanin awa guda a zafin digiri 62 zuwa 72 na ma'aunin Salsiyas. Daga nan sai a tura damun zuwa tukunyar tata, inda ake raba ruwan zaƙi da dusa. Ruwan zaƙin ya wuce tukunyar tafasa, a dafa shi awa guda ko fiye, a zuba masa furen wani tsiro mai ɗaci da ƙanshi da Turawa ke kira hof. Bayan haka a sanyaya shi. Idan lemon malt ake nufi, ba a barin yis ya yi aiki a kansa. Gyara shi ake yi a ɗura a kwalba a kashe ƙwayoyin da ke ciki da zafi. Idan kuwa giya ce, sai a zuba yis a kai shi tankin tsimi, inda yis zai cinye sukarin cikin kwanaki. Lissafin wannan canji sananne ne a kemistiri: giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na sinadarin itanol da giram 88 na iskar kabon-dayoksaid, tare da zafi.

Kowace tukunya daga cikin waɗannan an auna faɗinta da zurfinta da ƙarfin wutarta ne bisa tsammanin za a cika ta. Da zarar an zuba abin da bai kai ba, sai awon ya rikice.

Tushen Matsalar: Faɗin Jiki da Yawan Ciki

A 1638 masanin nan na Italiya, Galileyo, ya bayyana wata doka game da girman abubuwa. Idan abu ya ƙara girma, yawan cikinsa yana ƙaruwa fiye da yadda faɗin jikinsa ke ƙaruwa. A ɗauki akwati mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Yana cin lita 1,000, kuma fuskokinsa shida sun haɗa murabba'in mita 6. Idan aka ninka kowane gefe ya zama mita 2, akwatin zai ci lita 8,000, amma fuskokinsa murabba'in mita 24 ne kawai. Ke nan a ƙaramin akwati kowace lita 1,000 tana da murabba'in mita 6 na bango, a babban kuwa murabba'in mita 3.

Muhimmancin wannan shi ne, zafi ta bango yake shiga kuma ta bango yake fita, tururi ta fuskar ruwa yake tashi, iska ma ta fuskar ruwa take shiga. Shi ya sa shayin kofi ke riga na tukunya hucewa. To, ƙaramin girki a babbar tukunya ya fi kowane hali muni, domin ruwan kaɗan ne, amma yana fama da bango da baki irin na babbar tukunya.

Domin sauƙin lissafi, a duk misalan da ke tafe za a ƙaddara masana'anta mai tukwanen lita 10,000, wadda aka nemi ta sarrafa lita 2,000, wato humusin abin da aka ƙera ta dominsa.

Tukunyar Damu: Ƙarfe Na Shan Zafi

Ƙarfe mai sanyi yana shan zafi daga ruwan da aka zuba masa. Ana bukatar kilojul 4.2 domin ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, ƙarfe mara tsatsa kuwa kimanin kilojul 0.5 yake bukata. A ƙaddara nauyin tukunyar kilo 2,000 ne, zafinta digiri 25, aka zuba mata ruwa mai digiri 70, kuma aka jira har ƙarfen da ruwan suka daidaita. Idan ruwan lita 10,000 ne, zai sauka zuwa kimanin digiri 69. Idan lita 2,000 ne, zai sauka zuwa kimanin digiri 65. A cikakken girki an rasa digiri ɗaya, a ƙarami an rasa kusan biyar.

Digiri biyar ba wasa ba ne a wajen inzayim. Akwai manyan inzayim biyu a cikin tsiro. Na farko, bita-amilas, ya fi aiki a wajen digiri 60 zuwa 65, kuma yana samar da sukarin maltos wanda yis ke iya ci. Na biyu, alfa-amilas, ya fi son digiri 70 zuwa 72, kuma yana yanka sitaci gunduwa-gunduwa, ya bar wasu gutattsari da yis ba ya iya ci, waɗanda ke ba abin sha kauri a baki. Saboda haka zafin damu shi ke yanke hukuncin irin sukarin da za a samu. Wanda ya nufi digiri 69 ya tsinci kansa a 65 ya yi wani abin sha dabam da wanda ya yi niyya. Bugu da ƙari, fikafikan da ke juya damun an kafa su ne a wani tsayi, kuma idan damun bai rufe su ba, sai gefe ya yi zafi tsakiya ta yi sanyi.

Tukunyar Tata: Dusa Ita Ce Rariya

A gindin tukunyar tata akwai faifan ƙarfe mai tsaga-tsaga. Sai dai ba wannan faifai ne ke yin ainihin tatar ba. Ɓawon sha'ir da dusarsa su ne ke kwantawa a kan faifan su zama shimfiɗa mai kaurin santimita 30 zuwa 40, ruwan zaƙi ya riƙa bi ta cikinta yana tsarkakuwa, kamar yadda ruwa ke tsarkakuwa idan ya bi ta cikin yashi. Injiniyan Faransa Henri Darsi ya bayyana dokar irin wannan gudu a 1856, yayin da yake aikin ruwan sha na birnin Dijon: saurin ruwa yana ƙaruwa da faɗin shimfiɗa da ƙarfin dannawa, yana raguwa da kaurinta.

Idan aka zuba humusin tsiro a faifai mai faɗin da aka yi wa cikakken girki, shimfiɗar ba za ta kai santimita 10 ba. Ruwa zai ratsa ta da gaggawa, ya fito da gurɓi. Ruwan zafin da ake yayyafawa daga sama domin wanko ragowar sukari zai huda ta, ya yi wa kansa hanya ta wuri guda, kamar yadda ruwan sama ke yin zaizaya a gona, ya bar sukari a sauran wuraren. An sayi tsiro da tsada, amma wani kaso na zaƙinsa ya tafi cikin dusar da za a ba dabbobi.

Tukunyar Tafasa: Ƙuna da Ƙafewa

Manyan tukwane ba a hura musu wuta a gindi. Akasarinsu suna da wata riga ta ƙarfe a jikinsu wadda tururi mai zafin fiye da digiri 120 ke zagayawa a cikinta, wasu kuma suna da tarin bututun tururi a tsakiyarsu. Muddin ruwa ya rufe wurin da ke ɗaukar zafi, ruwan yana kwashe zafin. Inda ruwa bai kai ba, duk ɗigon ruwan zaƙi da ya fantsama a kai zai ƙone ya manne, ya canza launin abin sha ya kuma ba shi ƙauri.

Sai batun ƙafewa. Ana bukatar kimanin kilojul 2,260 domin mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi, don haka yawan ruwan da ke tashi ya dogara ne da zafin da ake turawa, ba da yawan ruwan da ke cikin tukunya ba. A ƙaddara tukunyar tana ƙafar da lita 500 a awa guda. A lita 10,000 wannan kashi 5 ne cikin ɗari. A lita 2,000 kuwa, in ba a rage tururi ba, kashi 25 ne cikin ɗari. Idan da farko akwai kilo 12 na sukari a kowace lita 100, cikakken girki zai ƙare da kimanin kilo 12.6, ƙaramin kuwa da kilo 16. Tsarin haɗi ɗaya ne, amma sakamako ya sha bamban.

Ruwan Da Ke Maƙalewa a Hanya

Tsakanin tukunya da tukunya akwai bututu da famfo da na'urar sanyaya ruwa, kuma a ƙarƙashin faifan tata akwai sarari. Duk waɗannan suna riƙe wani ruwa da ba ya isa tanki na gaba. Yawansa ba ya canzawa ko girki babba ne ko ƙarami. Idan lita 150 ne, cikakken girki ya rasa kashi 1.5 cikin ɗari, ƙaramin kuwa kashi 7.5. Idan aka yi ƙoƙarin koro shi da ruwa, wani ɓangare zai gauraya da ruwan korar ya tsinke.

Tankin Tsimi: Ma'aunin Da Ke Auna Iska

Tankin tsimi na zamani dogo ne mai siffar ganga, gindinsa kuma kamar mazurari. Wani masani mai suna Liyofold Natan, wanda ya yi aiki a Suwizalan, shi ya fito da wannan fasali a farkon ƙarni na 20, kuma ya yaɗu a duniya daga shekarun 1960 da 1970. Amfanin mazurarin shi ne yis ya taru a tsininsa bayan ya gama aiki, a buɗe famfo a cire shi.

A ɗauki tanki mai faɗin mita 2, wanda kusurwar mazurarinsa digiri 60 ce. Lissafi ya nuna cewa tsayin mazurarin mita 1.73 ne, kuma yana cin kimanin lita 1,800. Lita 10,000 za su kai tsayin mita 4.3 daga tsini. Lita 2,000 kuwa za su cika mazurarin ne kawai su ɗara da kimanin santimita 6.

Ga inda haɗarin yake. Yis yana fitar da zafi yayin aiki, kimanin kilojul 590 a kan kowane kilo na sukarin da ya ci. Idan ya ci kilo 8 a kowace lita 100, zafin ya isa ya ɗaga ruwan da fiye da digiri 10. Alhali kuwa yis ɗin giyar laga ana riƙe shi ne a wajen digiri 8 zuwa 14. Saboda haka ake yi wa tanki rigar sanyi, wadda ruwa mai tsananin sanyi ke zagayawa a cikinta, kuma akasarin wannan riga tana jikin ganga ne, sama da mazurari. Tsinken ma'aunin zafi ma a jikin ganga ake soka shi. Ƙaramin girki ba zai taɓa rigar ba, tsinken kuma zai tsaya a cikin iska. Na'urar da ke buɗe sanyi da rufe shi za ta riƙa bin zafin iska, yayin da ruwan da ke ƙasa yake ɗumama ba tare da kowa ya sani ba. A ƙasashe masu zafi, inda rana kan kai digiri 40 a bazara, zafin waje ma yana ratsowa ta ƙarfe ya ƙara wa ɗan ruwan nauyi.

Tsayin ruwa shi ma yana da tasiri. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara dannawa daidai da nauyin iskar duniya sau ɗaya. Dokar Wiliyam Henri ta 1803 ta nuna cewa iska ta fi narkewa a ruwa idan dannawa ta ƙaru. A dogon tanki, kabon-dayoksaid da yawa tana narkewa a ƙasa, tana rage kuzarin yis da yawan sinadaran ƙanshin 'ya'yan itace da yake fitarwa. Kumfar iskar da ke tasowa daga ƙasa kuma tana juya ruwan da kanta. A girki mara zurfi babu wannan dannawa, juyawar ma ta yi rauni. Sakamakon haka, ko da an daidaita zafi, ƙanshin ƙaramin girki ba zai zama daidai da na cikakke ba, kuma wanda ya yi gwaji da shi zai iya ruɗuwa ranar da ya cika tanki.

Sararin Sama da Iskar Oksijin

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da duniya oksijin ce. Yis yana bukatar ta a farkon aiki domin ya hayayyafa, amma bayan nan ta zama abokiyar gaba, domin tana haɗuwa da sinadaran abin sha ta dushe launinsa ta kuma tsufar da ɗanɗanonsa. Masu masana'anta suna auna ta ne da kashi cikin biliyan.

A lokacin tsimi matsalar ba ta da yawa. Kilo 160 na sukarin da ke cikin lita 2,000 zai ba da kusan kilo 78 na kabon-dayoksaid, wadda za ta cika sararin da ya kai lita 40,000, ta kore iskar da ke sama. Matsalar tana tankin ajiya ne, da kuma wajen lemon malt da ba a tsima shi. A can dole a sayi kabon-dayoksaid a kori iska daga tanki kafin a zuba komai, kuma yawan da ake bukata girman tanki yake bi. Ya kamata a lura cewa wannan iska ta fi iskar shaƙa nauyi da kimanin rabi, ba ta da launi, tana kwantawa a gindin tanki da ramuka, kuma ta sha kashe ma'aikatan da suka shiga tanki ba tare da auna iskar ciki ba.

Lissafin Kuɗi

Bayan kowane girki ana wanke tukwane da bututu da ruwan soda mai zafi, a ɗauraye, a kashe ƙwayoyin cuta. Wanki bango yake bi, don haka kuɗinsa ɗaya ne ga lita 2,000 da lita 10,000. Haka albashin ma'aikata da kwanakin da tanki zai yi a tsare. Idan aka raba waɗannan kuɗi a kan kwalabe, kowace kwalbar ƙaramin girki tana ɗaukar ninki biyar. Injiniyoyi suna da wata ƙa'idar kimantawa da ke cewa idan aka ninka girman masana'anta sau goma, kuɗin gina ta sau huɗu kawai yake ninkuwa. Wannan rangwame shi ke sa a gina manyan tukwane, amma sai an cika su ake cin moriyarsa.

Dabarun Magance Matsalar

Masu ƙera tukwane sukan faɗi mafi ƙarancin abin da za a zuba, kuma mataki na farko shi ne kiyaye wannan iyaka. Bayan haka akwai dabaru kamar haka:

1. A ɗumama tukunyar damu da ruwan zafi kafin a zuba tsiro, domin ƙarfe ya ƙoshi da zafi tun farko.
2. A raba rigar tururi da rigar sanyi hawa-hawa, har da ta jikin mazurari, a buɗe hawan da ruwa ya rufe kawai. A kuma soka tsinken ma'auni na biyu a ƙasa.
3. A auna ƙafewa da lita a awa, a rage tururi, sannan a sake lissafin tsarin haɗi.
4. A yi cikakken girkin ruwan zaƙi, sannan a rarraba shi a ƙananan tankuna, kowane da irin gwajinsa. Ta haka tukwanen dafuwa sun cika, gwaji kuma ya samu.
5. A sayi ƙananan tukwanen dafuwa, idan ana bukatar da yawa a yi girki biyu ko uku a jere a tara a tanki guda. Cika babban tanki da ƙaramar tukunya ya fi sauƙi a kan tilasta wa babbar tukunya ƙaramin aiki.
6. A gina ƙaramar masana'antar gwaji mai kama da babbar a siffa, musamman wajen daidaiton tsayi da faɗi.

Masana'antar gwaji ta taɓa haifar da wani babban ci gaba a ilimin lissafi. Wiliyam Goset, wanda ya kama aiki da kamfanin Guinness a birnin Dublin a 1899, ya fuskanci matsalar yanke hukunci daga gwaje-gwaje 'yan kaɗan. A 1908 ya buga hanyar da ya gano da sunan aro na Student, kuma har yau ana koyar da ita a jami'o'i ga masu nazarin ƙididdiga, likitanci da aikin gona.

Darasin Dawa a Nijeriya

A 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Masana'antun giya da na lemon malt suka koma ga dawa da masara, akasari daga gonakin Arewa. Irin dawar nan SK5912, wato gajerar kaura da aka inganta a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, tana cikin waɗanda aka yi amfani da su. A 2008 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antar tsiron dawa a Aba.

Sauyin bai zo da sauƙi ba, domin tukwanen an ƙera su ne domin sha'ir. Sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe wa inzayim a wajen digiri 60 zuwa 65, na dawa kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, inda bita-amilas ke mutuwa, ga shi kuma tsiron dawa ba shi da wannan inzayim da yawa tun asali. Dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da zai zama rariya, don haka tata ta yi wuya, masana'antu da dama suka koma ga na'urar matse damu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka gwada ita ce a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da inzayim a ajiye, a dafa sitacin shi kaɗai, a bar shi ya huce, sannan a mayar masa da ruwan. Mai lura zai ga kamar wannan da aikin masu kunun zaƙi, waɗanda ke raba ƙullu biyu, su dama kaso ɗaya da tafasasshen ruwa, ya ɗan huce, sannan su zuba ɗanyen kason mai tsiro ko dankali su bar shi ya kwana. Duk irin wannan gwaji a ƙaramin ma'auni ake fara shi, kuma sai an san yadda girman tukunya ke canza sakamako kafin a amince da shi a babban ma'auni.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya nuna tushen darasin da kayan gida. A sami faffaɗar tukunya, risho, kofin awo da agogo. A zuba lita 2 na ruwa, a jira ya tafasa, a bar shi minti 10 yana tafasa, a sauke a rufe, ya huce a auna abin da ya rage. A maimaita da rabin lita a tukunyar nan, ba tare da canza ƙarfin wuta ba. Ɗalibai su lissafa ruwan da ya ƙafe da mililita, sannan da kashi cikin ɗari. Za a ga mililitocin sun yi kusa da juna, kason kuwa ya yi nisa. Malami ne kaɗai zai riƙa ɗaukar tukunyar mai zafi.

Gwaji na biyu: a zuba rabin lita na ruwan ɗumi a kofin silba mai zurfi, a zuba wani rabin lita a faffaɗan faranti, a riƙa auna zafinsu duk bayan minti biyu, a zana sakamakon a takardar giraf.

Kammalawa

Tukunyar masana'anta awo ce da aka daidaita tsakanin yawan ruwa, faɗin bango, zurfi da ƙarfin zafi. Rage ruwa kaɗai yana rushe wannan daidaito a kowane mataki, tun daga damu har ajiya. Irin wannan tunani ne ya ba da damar fitar da maganin fanisilin daga kwalaben ɗakin bincike zuwa manyan tankuna a Amurka a 1944, kuma shi ne mai son kafa ƙaramar masana'antar zoɓo, kunu ko yogot zai fara yi kafin ya sayi tanki: ya lissafa abin da zai iya sayarwa a rana, ya sayi tukunya daidai da shi.

Tambayoyi

1. Akwati mai gefen mita 3 lita nawa yake ci, kuma murabba'in mita nawa kowace lita 1,000 take samu?
2. Tukunya tana ƙafar da lita 300 a awa. Kashi nawa cikin ɗari za a rasa daga lita 6,000, kuma nawa daga lita 1,500?
3. Me ya sa shimfiɗar dusa mara kauri take ba da ruwa mai gurɓi?
4. Bayyana yadda ma'aunin zafi mai lafiya zai iya ba da labarin da ba daidai ba a tankin da bai cika ba.
5. Kwatanta hanyar yin kunun zaƙi da hanyar dama tsiron dawa a masana'anta, ka nuna aikin zafi a kowace.